Sharhi: Gwajin jinin CEA da kansar hanji, abin da lambar ke nufi ga majinyacin Dirku

Daga ranar 1 ga watan Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati, ciki har da na gwajin jini, ɗaukar hoto da tiyata. Ƙasa da shekara guda kafin nan, a watan Nuwamban 2023, hukumomin mulkin soja sun soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, lamarin da ya sake buɗe hanyar Agadas zuwa Dirku har Libiya ga motocin fasinja.

Matakan biyu sun taɓa rayuwar mazauna Dirku, garin da ke yankin Kawar cikin jihar Agadas. Gwaji ya yi sauƙin kuɗi, mutane kuma na kai-komo tsakanin Agadas, Yamai, Sabha da Kano, kowa da takardun asibitin da ya karɓo daga inda ya fito. Cikin irin waɗannan takardu akwai wadda ke ɗauke da haruffa uku, CEA, da lamba a gabansu. Ana ɗaukar hotonta a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp da tambaya ɗaya: kansa ce ko ba ita ba ce?

Amsar likitoci a duniya ita ce, wannan lamba ba ta iya yanke hukuncin nan. Tana da amfani, amma a wani gurbi takamaimai, kuma amfanin nata ya dogara da abin da ke biye da ita: hoto, likitan tiyata da hanyar isa gare su. A gari kamar Dirku, nan ne matsalar take.

Mene ne CEA?

A shekarar 1965 wasu likitoci biyu a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano wani sinadari a cikin ƙarin kansar babban hanji. Sun lura cewa irinsa na nan a hanjin ɗan tayi, sai dai yana raguwa sosai bayan haihuwa. Shi ne ake taƙaita sunansa da CEA.

Kowane baligi yana da ɗan kaɗan daga cikinsa a jini. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar ƙasa da nanogiram 3 a kowace mililita a matsayin daidai ga wanda ba ya shan taba, ƙasa da 5 kuma ga mai sha. Ƙwayoyin kansar hanji kan fitar da shi da yawa, hanta kuma ita ce ke tace shi daga jini. Shi ya sa lambar kan yi tashin gwauron zabi idan cutar ta bazu zuwa hanta.

Akwai kuma na biyu, CA 19-9, wanda masu bincike a Cibiyar Wistar da ke Philadelphia a Amurka suka bayyana a 1979. An fi amfani da shi wajen bibiyar kansar saifar ciki mai fitar da insulin, amma wasu ɗakunan gwaji kan haɗa shi da CEA. Yana da wata tawaya da ta shafe mu kai tsaye. Jikin wasu mutane ba ya iya samar da shi sam, saboda rukunin jinin da suka gada. A tsakanin Turawa adadinsu bai wuce 5 zuwa 10 cikin 100 ba, amma a tsakanin baƙar fata ya kai kusan mutum 1 cikin 5. Irin wannan mutum, ko cutar ta ci jikinsa, sakamakonsa zai fito ƙasa.

Dalilin da ya sa ba a gano kansa da shi

Matsalar CEA ta fuska biyu ce.

Ta farko, yana tashi ba tare da kansa ba. Shan taba na ɗaga shi. Haka ciwon hanta, kumburin hanji, tsohon ciwon huhu, ciwon suga da bai saitu ba, da raunin maƙoƙo. Nijar da Najeriya na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, kuma da yawan masu ɗauke da shi ba su sani ba. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku, yana zuƙar kwalin sigari a rana, ga ciwon hanta a ɓoye, zai iya samun 6 ko 7 a takardarsa alhali hanjinsa lafiya lau.

Ta biyu ta fi haɗari. Mafi yawan masu kansar hanji a matakin farko, lokacin da tiyata ke iya warkar da ita, CEA ɗinsu daidai yake. Wasu ƙarin ma ba sa fitar da shi har su girma. Mutumin da ke ganin jini a bahaya, aka yi masa gwajin ya fito 2, aka ce ya kwantar da hankalinsa, an cuce shi.

Alƙaluma sun nuna girman wannan giɓi. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 52 da aka yi kan majinyatan da aka riga aka yi wa tiyata. Idan aka ɗauki 5 a matsayin iyaka, cikin mutum 100 da cutar ta dawo musu gwajin na kama kusan 71, ya kuskure 29. Cikin 100 da ba ta dawo musu ba kuma, yana tayar da hankalin kusan 12 a banza. Wannan fa a tsakanin waɗanda aka tabbatar sun taɓa yin cutar ke nan. A tsakanin masu lafiya, kuskuren ya fi haka.

Saboda haka babu wata babbar ƙungiyar likitocin kansa da ta amince a riƙa tantance jama'a da CEA. Duk da haka, a manyan biranen yankin ana tallar "cikakken gwajin jiki" da ke ƙunshe da shi, ana sayar wa masu lafiya, musamman waɗanda 'yan'uwa ke turo wa kuɗi daga waje.

Basir, atini da lokacin da ke salwanta

Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum miliyan 1.9 sun kamu da kansar babban hanji da dubura a shekara guda, kusan 900,000 sun mutu. Ita ce ta uku a yawa, ta biyu a kisa cikin nau'o'in kansa. Ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Jarumin fim ɗin Black Panther, Chadwick Boseman, ya rasu a 2020 yana da shekara 43, bayan an gano masa ita a 2016. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara tantancewa daga 50 zuwa 45.

A ƙasar Hausa da kewaye, cutar kan ɓuya a bayan sunaye biyu da kowa ya saba da su: basir da atini. Duk jinin da ya fito ta dubura basir ne a wajen mutane, kuma mai maganin basir bai yi wa kowa nisa ba, daga kasuwa zuwa tasha zuwa TikTok. A ƙaramin asibiti kuma, jini a bahaya kan sa a ba da maganin atini ko na tsutsar ciki, wanda sau da yawa daidai ne, domin waɗannan cututtuka sun fi yawa. Illar na zuwa ne idan aka maimaita maganin wata da watanni ba tare da an leƙa ba.

Likitocin ƙungiyar ARGO, haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, sun yi nazari kan majinyatan Najeriya masu zubar jini ta dubura. Sun gano cewa idan jinin ya haɗu da rama da kuma canjin yanayin bahaya, yiwuwar kansa na ƙaruwa sosai. Tambayoyi uku ne da ma'aikacin jinya a Dirku zai iya yi cikin minti biyu, ba tare da wutar lantarki ko sinadarin gwaji ba. A wannan mataki sun fi CEA amfani.

Abin da ke tabbatar da cutar shi ne a saka siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a duba hanji, wato kolonoskofi, a yanko ɗan nama daga ƙarin, a kai wa masanin da zai duba shi a madubin likita. Ba tare da wannan ba, babu lambar jinin da ta isa a fara wa mutum maganin kansa a kanta.

Akwai gwajin bahaya mai araha da ake kira FIT, wanda ke gano ɓoyayyen jini, kuma shi ƙasashen Turai da dama ke tantance jama'a da shi. Shi ma yana da ƙalubale a yankinmu. Zafi na lalata jinin da ke cikin samfurin, ga shi a Kawar zafin bazara kan haura digiri 40. Sannan wani bincike kan mutum sama da 2,000 a kudu maso yammacin Najeriya, da aka wallafa a 2022, ya samu kusan mutum 1 cikin 5 da sakamako mai nuna jini, amma ƙalilan ne cikinsu suka zama masu kansa. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa sai ya buƙaci kolonoskofi.

Inda gwajin ke da amfani

Aikin CEA na farawa ne bayan an tabbatar da cutar.

Ana auna shi kafin tiyata domin a samu ma'aunin farko. Idan ya haura 5 a lokacin, alama ce cewa cutar na iya zama mai tsanani. Bayan an cire ƙarin gaba ɗaya, ana sa ran lambar ta sauko daidai cikin mako 4 zuwa 6. Idan ta ƙi saukowa, likita zai yi zargin akwai saura a wani wuri.

Daga nan sai bibiya. Ƙa'idar da aka fi bi ga masu mataki na biyu da na uku ita ce a auna duk wata 3 zuwa 6 a shekara biyun farko, sannan duk wata 6 har shekara biyar ta cika, tare da hoton sikana lokaci-lokaci. Dalili shi ne, kusan 8 cikin 10 na waɗanda cutar ke dawo wa, cikin shekara ukun farko take dawowa. Abin da likita ke kallo shi ne tafiyar lambobin. Wanda ya tashi daga 2 zuwa 4 zuwa 9 ya fi tayar da hankali a kan wanda ya tsaya a 6 shekara biyu. Idan lamba ta ɗan tashi sau ɗaya, akan maimaita gwajin bayan 'yan makonni kafin a ɗauki mataki.

Ko a nan ma, ya kamata a san iyakar abin. A 2014 aka wallafa sakamakon wani gwaji mai suna FACS da aka yi a asibitoci 39 na Ingila kan majinyata 1,202. Cikin waɗanda ba a matsa wa bibiya ba, kusan kashi 2 cikin 100 ne aka kama dawowar cutar da wuri har aka sake yi musu tiyatar neman waraka. Cikin waɗanda ake auna wa CEA, adadin ya kai kusan kashi 7. Ya ninka sau uku ke nan. Amma binciken bai nuna wani bambanci bayyananne a yawan mace-mace ba.

Darasin shi ne, CEA ƙararrawa ce kawai. Ribarta ita ce a yanke ɓangaren hanta ko huhu da cutar ta koma tun tana ƙarama. Idan babu sikana da za ta nuna wurin, babu likitan da zai yanka, to lambar ta sanar da mutum damuwa ne kawai.

Lissafin kilomita 1,600

Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, cibiyar lafiya da ake kira CSI, asibitin gunduma, asibitin jiha, sannan manyan asibitocin ƙasa. Dirku na da CSI, asibitin gunduma yana Bilma, na jiha yana Agadas. An tsara CSI ne domin rigakafi, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da raunuka. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a garin, irin su MSF da hukumar ƙaura ta IOM, sun fi mayar da hankali kan matafiyan da hamada ta galabaita.

Daga Dirku zuwa Agadas kusan kilomita 650 ne cikin rairayin Tenere, tafiyar kwana biyu zuwa uku, kuma an saba bin ayarin da sojoji ke rakiya. Daga Agadas zuwa Yamai akwai wasu kusan 950. A Yamai ne Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa take, wadda ta fara gasa ƙari da na'ura a 2021 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an fita waje. Wannan na da muhimmanci, domin kansar dubura sau da yawa sai an gasa ta kafin tiyata.

A ɗauka an yi wa wani mazaunin Dirku tiyata a Yamai, an kuma ce ya riƙa dawowa awo bisa ƙa'ida. Gwaji 10 zuwa 14 ke nan cikin shekara biyar. Kowane zuwa da dawowa kusan kilomita 3,200 ne. Jimilla, tsakanin kilomita 32,000 da 44,800, wato kwatankwacin zagaya duniya sau ɗaya, domin a ɗebi jinin da bai cika cokali ba. Ragin rabin kuɗin gwaji bai taɓa kuɗin mota, masauki, abincin mai jinya da aikin da aka bari ba. Tsarin magani kyauta da Nijar ta kafa tsakanin 2005 da 2007 kuma ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tiyatar haihuwa da kansar mata. Mai kansar hanji ba ya cikin wannan rukuni.

Majinyacin da ke fuskantar wannan lissafi zaɓi uku gare shi. Ya tare a birni ya bar sana'arsa, ko ya daina bibiya, ko ya riƙa yin gwajin duk inda tafiya ta kai shi. Na ukun ya fi kama da mafita, amma akwai tarko a cikinsa.

Ɗakin gwaji ɗaya, littafi ɗaya

Na'urorin auna CEA na kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba iri ɗaya a jini ɗaya. Wanda aka auna wa 3 a Yamai, 5 a Sabha, 4 a Kano, ba za a iya cewa cutarsa ta motsa ko ba ta motsa ba, domin bambancin na iya zama na na'ura. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a riƙa yi a ɗakin gwaji guda, da hanya guda. Ga al'ummar da rayuwarta tafiya ce, wannan shi ne abin da aka fi karyawa.

Hanyar da ta dace ita ce jinin ya yi tafiya, majinyaci ya zauna. Idan aka ware ruwan jinin, CEA na jure kwanaki a cikin firji, ya fi haka daɗewa idan aka daskarar. Nijar ta riga ta san irin wannan aiki. Shekara da shekaru ana ɗauko samfurin bahayan yaran da ake zargin shan-inna daga ƙauyuka masu nisa cikin akwatin sanyi zuwa ɗakin gwaji, kuma firjin rigakafi mai aiki da hasken rana ya isa wurare da dama. Abin da ake buƙata shi ne a saka masu kansa cikin wannan layi, sakamako ya dawo ta waya ga likitan da ya yi tiyatar da kuma ma'aikacin CSI.

Akwai abubuwa uku da ma'aikatar lafiya za ta iya yi ba tare da sabon gini ba. Na farko, umarni a rubuce ga ma'aikatan CSI cewa duk baligin da jinin dubura ya ƙi tsayawa bayan magani, ko ya haɗu da rama da canjin bahaya, a duba shi da yatsa a tura shi gaba. Na biyu, ranakun kolonoskofi sanannu a asibitin jiha, domin wanda ya taso daga Kawar ya san ranar da zai samu likita. Na uku, a shigar da kowane majinyaci cikin rajistar kansa ta ƙasa, wadda aka kafa a Yamai tun 1992, domin a san yawan masu zuwa daga arewa.

Fasaha na ci gaba a waje. A watan Yulin 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani gwajin jini mai suna Shield, wanda ke neman ɓurɓushin ƙwayar halittar kansa. Yana kama kusan kashi 83 cikin 100 na masu cutar, amma kashi 13 kawai na tsiron da bai riga ya zama kansa ba. Shi ma duk wanda ya nuna masa alama, kolonoskofi ake tura shi. Sabon gwaji bai kawar da buƙatar na'urar leƙa hanji da likitan tiyata ba.

Ga masu turo kuɗi gida

Galibin kuɗin jinyar irin wannan cuta daga aljihun 'ya'ya da ƙanne yake fitowa, waɗanda ke Tarabulus, Tamanrasset, Legas, Jidda ko Faransa. Su ne ke yanke shawarar inda jaka hamsin ɗin farko za ta tafi.

Idan mahaifi ko yaya na ganin jini a bahaya fiye da 'yan makonni, ko yana rama, ko bahayansa ya canza, ko jininsa na ƙarewa ba dalili, kuɗin farko na mota ne zuwa wurin da za a leƙa hanji. Sakamakon CEA mai kyau ba hujjar fasa tafiyar ba ce.

Idan mai lafiya ne ya yi gwajin a cikin jerin gwaje-gwaje ya ga 6 ko 7, a kai wa likita takardar, a faɗa masa gaskiya kan taba, a duba hanta, a maimaita. Kada a ɗora wa mutum sunan cuta a zauren WhatsApp na dangi.

Idan an riga an yi tiyata, a tambayi likita lambar da aka samu kafin aikin da ta bayansa, a rubuta su a littafi guda tare da kwanan wata da sunan ɗakin gwajin. A tambaye shi tun yanzu inda za a ɗauki hoto idan lambar ta tashi, a kuma ware kuɗin wannan tafiya.

Wanda aka gano cutar a jikin mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya, shi ma haɗarinsa ya ƙaru. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce ya yi kolonoskofi yana da shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ga mazauna Turai da ƙasashen Larabawa, inda samun gwajin ya fi sauƙi, wannan bayani ne da ya kamata su kai wa likitansu da kansu.

Kansar hanjin da aka kama a matakin farko, kusan mutum 9 cikin 10 na kaiwa shekara biyar a raye a ƙasashen da magani ya wadata. Idan ta bazu zuwa wasu sassan jiki, adadin na faɗowa ƙasa da 2 cikin 10. Abin da ke raba waɗannan alƙaluma biyu ga mutumin Dirku shi ne yawan watannin da ya shafe yana shan maganin basir kafin wani ya ce masa ya hau mota.